Shekarar da Muka Shiga Gidaje

Yanzu na zo kan shekarar tallafin gyaran gidaje, kuma a nan nake so ku nutsu, don ita ce shekarar da kuka fi ba da labarinta a karkace. Ranar sunan 'yar Habibu ina ɗaki ina jinsa a tsakar gida yana gaya wa abokansa wai gwamnati ta taɓa kawo mana kwano da siminti har ƙofar gida, Iya ta ce a mayar. Suka yi dariya, shi ma ya yi. Ban fito ba, don ba na gyara wa namiji magana a gaban baƙinsa. Amma na ce wa Bilki, wadda take rubuta min wannan, in mun zo wajen nan kada ta rage min komai, ko da ta ga ya yi wa yayanta zafi. Ba a kawo komai ƙofar gida ba. Sunanmu aka sa, ni kuma na sa aka cire. Ga yadda aka yi.

Kun taso kun tarar da unguwar nan cike, amma da muka zo gonakin mutanen Challawa ne. Ma'aikatan kamfani ne suka yi ta yankar fili, kowa gwargwadon ƙarfinsa, wani daga Ringim, wani daga Gumel, wani daga can Damagaram. Mutum zai taso daga aikin dare, maimakon ya kwanta sai ya kwaɓa ƙasa ya ɗora tubali, yau kaɗan gobe kaɗan, har ɗaki ya tashi. Ginin ƙasa ne kusan duka, kuma ƙasar nan tamu ba ta rabuwa da danshi, saboda ruwan jima da na rini da ke bin kwata ta bayan unguwa. Daga gindi yake cin bango, a hankali, kamar gara. To akwai abin da kowa ke yi in ya sami ɗan sarari. Sai ya sayi siminti ya shafe katangar waje, wadda ke kallon layi, in da hali ya watsa mata fenti, a rubuta masa "Ba shiga" a bakin soro. Wanda ya wuce zai ce wane ya yi gida. Ciki kuwa sai wanda ya shiga. Ban ga laifinsu ba. Mutum ya baro ƙauyensu, 'yan'uwa na zuwa su gan shi, ba ya son a koma a ce a kango yake kwana.

Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, shi ne ya saɓa wa jama'a. Abin da ya samu a masaƙar Sharada kafin a rufe ta, a ciki ya zuba shi. Ya yi wa ɗakunanmu gindin bulo, ya sa katako mai ƙwari, ya yi rufi mai kyau, ya bar katangar waje da jar ƙasarta, ruwa yana zaizayarta duk damina har ta zama abin nuni a layin. Mun sha faɗa a kan katangar nan, ni da shi. Ya rasu bai shafe ta ba.

Ni kuwa sana'ata kun san ta. Ban yi boko ba, ban iya riƙe biro ba, amma babu gidan da ban shiga ba a unguwar nan, daga bakin titin Panshekara har gangaren kwata. In naƙuda ta kama mace ni ake kira, ko in karɓa ko in raka ta asibiti, sannan in yi mata wankan jego safe da yamma har ta yi arba'in. Mai wannan aiki tana ganin abin da uwar miji ma ba ta gani. Tana ganin tukunyar da ba a ɗora ba, da katifar da ta ruɓe, da inda ake kafa roba in hadari ya taso. Wadda ta koya min, wata tsohuwa mutuniyar Challawa, abu na farko da ta ɗora min shi ne, abin da ido ya gani a ɗakin mai jego a bakin ƙofa ake ajiye shi. Na riƙe wannan tun ina da ƙuruciya, kuma shi ya sa maza suke yarda in shiga.

A bazarar shekarar aka yi shela cewa an ware wa ƙaramar hukuma kuɗin gyaran gidajen talakawa, mazabarmu ta sami rabonta. Ba kuɗi za a ba mutum a hannu ba, kwano ne da katako da siminti da bulo, da magina, a gyara gidajen da ake tsoron za su rushe kafin ruwa ya sauka. Kayan ba za su ishi kowa ba, saboda haka aka kafa kwamitin da zai zaɓa: Mai Unguwa Shehu, da liman, da kansila, da wani injiniya daga sakateriya. Mutanen kirki ne, ban taɓa cewa sun ci ko sisi ba, kuma kada in ji wani cikinku ya faɗa. Suka bi layi-layi da ƙafa cikin rana. In sun zo gida sai su tsaya su dubi katanga, su yi sallama da maigidan, su tambaye shi ko akwai matsala. Shi ke nan. Namiji ba ya cewa ɗan'uwansa bari in shiga ɗakin matarka in duba, maigida kuma ba ya cewa ku shigo ku ga halin da nake ciki.

Da suka zo gidanmu ko tambaya ba su tsawaita ba. Katangar ta isa. Habibu ne ya fita, ya dawo yana murna kamar an ba shi kujerar Makka. A lokacin yana aiki a kamfanin robobi a Sharada, an sa masa rana bayan Babbar Sallah, kuma babu ɗakin da zai sa amarya. Tun a tsaye ya gama lissafinsa: bulon katanga ya isa a tada ɗaki a gefen soro, kwanon ya rufe shi, katanga kuma ta jira wata shekara. Na ji daɗi ni ma, ba zan ɓoye ba. Uwa ce ni.

A kwanakin nan ina yi wa Hansatu wankan jego, matar Malam Sale, wani mutumin Gumel da ke aiki a kamfanin fatu. Haihuwarta ta huɗu ke nan a hannuna. Gidansu shi ne mai koren fenti a layin masallaci, katangarsa sumul, har da ɗan dakali. Ciki ɗaki ɗaya ne ake kwana, ɗayan ya riga ya zube tun bara sun mai da shi wajen itace. Wanda ya rage ɗin bangonsa na gabas ya rabu da kusurwa, za ka iya zura hannu, ya sunkuyo ciki, an tokare shi da azara biyu, gindinsu a jikin gadon da mai jego take kwance da jaririnta. Rufin kuwa leda ce da buhu a ƙarƙashin ruɓaɓɓen kwano. In na zo fita da tukunyar ruwan zafi sai na karkace, kada kafaɗata ta taɓa azarar.

Ina cikin gasa wa jaririn cibi da hantsi muka ji sallamar kwamiti. Malam Sale bai daɗe da dawowa daga aikin dare ba, ya tashi daga tabarmarsa a soro ya fita. Gidan ƙarami ne, muna jin komai.

"Malam Sale, zagayen gyaran gidaje muke yi," in ji Mai Unguwa. "Ko akwai wata matsala a nan?"

"Alhamdulillahi, ranka ya daɗe, mu sai godiya. A duba waɗanda suka fi mu buƙata."

Suka yi masa barka da ƙaruwa, suka yaba fentin, suka wuce. Na ɗaga kai na dubi Hansatu, ita kuma bangon take kallo.

"Iya, don Allah kada ku ce komai," ta ce. "Ya ce in an ba su kuɗin ƙarshen shekara a kamfani zai gyara."

Na tambaye ta tun haihuwar wa yake faɗin haka. Ta miƙo hannu ta karɓi jaririn. Da zan fita na tsaya a soro na yi masa magana a hankali, ni da shi, na ce Malam Sale ka bi mutanen nan ka gaya musu gaskiya, bangon nan ba zai ga ƙarshen damina ba. Ya sunkuyar da kai ya ce ya gode, amma shi bai taɓa roƙo ba, ba kuma zai fara a gaban liman da kansila ba. Ya ƙara da cewa ya san ni ba mai fitar da maganar gidan mutane ba ce. Ya ɗaure ni ke nan, kuma ya san ya ɗaure ni.

Na kwana biyu ina juya abin. Ba gidan Malam Sale kaɗai ba ne. Da na bi unguwar a zuciyata gida-gida, sai na ga yawancin ɗakunan da nake tsoro suna bayan katanga mai siminti, an tsallake su. Waɗanda aka zaɓa kuwa, akwai masu buƙata na gaske a ciki, amma akwai irin namu, akwai kuma tsohon sito na Alhaji Tanko mai shagon hatsi, wanda ɓeraye ne kawai ke kwana a ciki. In na faɗi suna na ci amana, ba kuma wanda zai ƙara buɗe min ƙofa. In na yi shiru, ni za a kira wata rana in yi wa Hansatu wani wankan da ba na jego ba.

Da safe na yafa mayafi na tafi gidan Mai Unguwa. Abokin mahaifinku ne, tare suka yi masaƙa. Na same shi a soro yana karin kumallo, na durƙusa muka gaisa, na ce masa kwamiti ya duba fuskar gidaje ne, bai duba inda mutane suke kwana ba. Ya ajiye kofin kokonsa ya ce in faɗi gidajen, yanzu ya sa a ƙara su. Na ce ba zan faɗi ko ɗaya ba. Ya ce to me na zo yi, in tayar masa da hankali in tafi? Na ce a'a, na zo ne a ba mata izini su shiga. Ba gidan wane da wane ba, kowane gida a unguwar, mai fenti da marar fenti, mai hali da marar hali, yadda ba wanda zai ce shi aka nufa.

"Iya, maza ba za su yarda ba. Kin san mutanenki."

"Za su yarda in da gidanku aka fara, ranka ya daɗe. Daga nan na liman."

Ya yi dariya ya ce wato shi ne zai fara shan kunyar. Sannan ya daina dariyar, ya dube ni ya ce ko na san in an bi ta ciki, gidana ne farkon wanda zai fita, don ya san irin ginin da abokinsa ya yi. Na ce na sani. Na ce ya cire shi tun yau, kada a ce na tada zancen ne ina riƙe da nawa.

Labari ya riga ni isa gida, ban san ta ina ba. Da Habibu ya dawo aiki ko takalmi bai cire ba. Ya ce shi aka rubuta, shi ya fita ya yi magana da su, da wane dalili zan je in soke ba tare da na tambaye shi ba. Ya ce katangarmu ba ƙarya ba ce, kowa yana ganinta. Na ce katangar ba ƙarya ba ce, amma ba a ƙarƙashinta muke kwana ba, kuma shi ma ba katangar zai gyara ba, ɗakin amarya zai yi. Ya ce in gaya masa gidan wa ya fi namu, ya je ya gani da idonsa.

"Ba zan gaya maka ba."

"To kin zaɓi mutanen da ko sunansu ba za ki iya faɗa ba, kin bar ɗanki."

Na ce masa eh, a wannan karon haka ne. Habibu, ka tuna ka faɗi wannan, ni ma na tuna abin da na amsa. Ban lallashe ka ba a ranar, don in na fara lallashi zan iya komawa gidan Mai Unguwa in ce na fasa.

Mai Unguwa ya tara magidanta a ƙofar gidansa ranar Lahadi bayan la'asar, ranar da yawancin masu aikin kamfani suke gida. Ni ina tsaye a bakin soro tare da uwargidansa, Hajiya Uwani. Da ya faɗi abin da ake so, wurin ya ɗauki guna-guni. Wani ya ce an riga an gama zaɓe, me ya kawo tone-tone. Wani ya ce yau a shiga duba bango, gobe a ji a bakin famfo cewa gidan wane ba su da gado. Alhaji Tanko ya gyara babbar rigarsa ya ce shi dai tambaya yake, yaushe mata suka fara yi wa gwamnati awon gini.

Na ce, "Alhaji, ranar da aka haife ka ma mace ce ta fara duba ka, ta ce wa maza lafiya kake."

Aka kwashe da dariya, har liman sai da ya rufe baki da rawaninsa. Alhaji Tanko bai yi ba, kuma bai manta ba. Injiniyan, mutum ne mai sanyin magana, ya ce shi ma zagayen bai kwanta masa ba, don ya san bango daga gindi yake mutuwa, amma ba shi da ikon shiga inda ba a kira shi ba. Ya ce kaya ba su iso ba tukuna, akwai ɗan lokaci, kuma akwai ma'aikaciya a sakateriya, Malama Hadiza, da za ta iya bin mu. Duk ɗakin da muka ce akwai tsoro, shi zai nemi izinin maigidan a keɓe ya shiga ya tabbatar. Maza suka kafa sharuɗɗansu: ba ɗaukar hoto, ba kiran sunan kowa a taro, kuma abin da aka gani ban da bango da rufi a bar shi a can. Na ce wannan ai shi ne aikina tun kafin wasunsu su yi gemu. Liman ya ce shi bai ga inda addini ya hana mace shiga wajen mace ba, ya kuma ce gidansa a buɗe yake. Bayan wannan ba wanda ya sami bakin cewa a'a a fili.

Washegari muka fara, ni da Hajiya Uwani da Malama Hadiza. Gidan Mai Unguwa muka fara shiga kamar yadda aka yi alkawari, mutane na tsaye a layi suna kallo, Hajiya Uwani ta yi sallama a gidanta kamar baƙuwa. Daga nan na liman, daga nan nawa. Malama Hadiza ta bubbuga bangon ɗakina, ta dubi rufi, ta ce Iya ai ku a gidan gwamna kuke. Sannan muka bi layi. Ba ma shiga da fuskar bincike. Mu gaisa, mu tambayi yara, a kawo ruwa mu sha, sannan matar gida ta ɗaga labule. Wata tana ɗagawa tana dariyar kunya, wata sai ta fara share-share, wata kuwa hannuna ta kama ta kai ni bayan sif ta nuna min inda rana ke shigowa. Malama Hadiza 'yar cikin gari ce, a gidan bulo ta tashi. A gida na farko da na biyu tana ta tambaya, daga baya ta daina, sai dai in mun fito ta tsaya a inuwa ta share fuska. Abin da muka gani ba zan faɗa ba ko a nan, masu gidajen suna raye, 'ya'yansu abokanku ne. Na Malam Sale ma da na faɗa, sai da na aika aka tambaye shi, ya ce in faɗa, shi yanzu da bakinsa yake ba da labarin.

Gidansa yana ƙarshen layin masallaci, sai da muka kwana biyu muna zagaye muka iso. Muka tarar da shi tsaye a bakin soro da kayan aikinsa, ya saka takalmin roba, lokacin fitarsa ya yi amma bai tafi ba. Ya gaishe mu da ladabi, ya ce wa Hajiya Uwani a yi masa afuwa, maiɗakinsa tana jego, ba ta son hayaniya, kuma ai ya riga ya gaya wa kwamiti ba shi da matsala. Yana magana yana kallona, yana jira ya ga ko zan tona. Maƙwabta sun ɗan leƙo.

Na matsa kusa yadda shi kaɗai zai ji, na ce, "Malam Sale, na Mai Unguwa mun shiga, na liman mun shiga, na Alhaji Tanko mun shiga. Duk unguwar nan ba gidan da muka tsallake. In muka tsallake naka, gobe shi kaɗai za a yi ta tambaya me ke ciki."

Can aka ji jiniyar kamfani. Ya dubi maƙwabtan, ya dube ni, ya ɗaga murya yadda za su ji ya ce ai gida gidanku ne, ku shiga, shi ya makara. Ya hau kekensa ya tafi bai waiwayo ba. Muka shiga. Malama Hadiza ta ga azarar nan a jikin gado, ta ga jariri a ƙarƙashi, ta ce wa Hansatu ta ɗauko shi su fito tsakar gida tukuna sannan a gaisa. A ranar Hajiya Uwani ta kwashe mai jego da yaran ta kai su gidanta, aka ce wa mutane zafi ne ya yi yawa a ɗakin.

Da aka sake zaɓe, abin ya juye. Gidanmu ya fita, siton Alhaji Tanko ya fita, da wasu irinmu. Gidaje masu fenti da yawa suka shiga. Na yi zaton za a yi ta nuna su da baki, amma da motar kaya ta zo aka ga yawansu, kunyar ta rasa wanda za ta kama. Wanda kake tsoron ya yi maka dariya, sai ka ga shi ma ana sauke masa bulo. Har ta kai maza suna zolayar juna a majalisa, wai ashe duk kwalliyar Sallah muka yi wa titi. Kaya ba su ishi duk masu buƙata ba, wannan gaskiya ne, amma da mutane suka ga inda suke tafiya sai suka sa hannu. Masu aikin dare suka riƙa taya magina da safe kafin su kwanta, masu aikin rana su karɓa da yamma, mata muna dafa musu ɗanwake. Abin da aka tanada don ladan leburori injiniya ya nemi izini aka ƙara bulo da shi, aka kai ga ɗakunan da da ba za a kai ba.

Ina wurin ranar da aka zo kan ɗakin Malam Sale. Magini ya sa aka fitar da gado da kwanuka, ya ce kowa ya ja baya, ya ɗaura igiya a gindin azara ya ja daga nesa. Ko diga ba a ɗaga ba. Bangon ya zo gaba ɗayansa ya kwanta daidai inda gadon yake, rufin ya biyo shi, ƙura ta turnuƙe tsakar gidan. Malam Sale yana tsaye da cebur a hannu. Ya ajiye shi, ya tsuguna a inda yake, ya daɗe a haka. Aka ci gaba da aiki.

Abin da na biya kuma zan faɗa, don kada ku ɗauka a banza aka samu. Iyayen yarinyar da Habibu zai aura suka ce ba ɗaki ba biki, aka ɗaga auren har sai da shekara ta zagayo. Ya yi ta karɓar aikin ƙarin lokaci yana sayen bulo da kansa, ya rame, ya yi baƙi. Duk daminar nan gaisuwa ce kawai tsakanina da shi, tuwona ma a rufe yake kwana, a bakin kamfani yake cin abinci. Na ga wannan, ya kuma yi min ciwo, ban nuna ba. Gidan Alhaji Tanko ba su ƙara kirana haihuwa ba, su da danginsu, har ranar da na ajiye aikin. Akwai wasu mazan ma da aka gyara wa ɗaki amma suka hana matansu kirana, wai idona ya yi yawa. Ban bi kowa ba'asi ba. A ɗaya gefen kuma, da aka sake samun irin wannan tallafi, tun daga sakateriya aka ce mata su fara shiga kafin a rubuta kowa, har mota aka aiko ta kai ni Zawaciki in nuna wa matan can yadda muka yi. Ni da ban san ƙofar makaranta ba, na zauna a kujera kansiloli suna saurare.

Ruwan shekarar ya zo da ƙarfi. Akwai wanda aka yi a tsakiyar damina, aka wuni ana yi aka kwana ana yi, kwata ta cika ta shigo layi, katangarmu ta waje ma wani ɓangarenta ya zube cikin titi. Da gari ya waye na ɗaura zani na fita ina taka ruwa, ina bin layi ina sauraro, don na san irin kukan da ake ji da safe bayan ruwa irin wannan, na sha jinsa a unguwar nan. Ban ji ba. Hayaƙi ne kawai ke tashi daga gidaje, yara suna wasa a cikin taɓo. A bakin masallaci na haɗu da Malam Sale yana tura kekensa, zai tafi aikin safe. Tun ranar da bangon ya faɗi bai taɓa ɗaga min zancen ba, ni ma ban ɗaga ba. Ya tsaya ya rusuna muka gaisa.

"Iya, an sha ruwa jiya."

"An sha, Malam Sale. Ya mutanen gidan?"

"Wallahi sai da safe Hansatu take tambayata wai da daren ma an yi."

Ya hau kekensa ya bi ta cikin ruwan. Ni kuma na koma gida na tashi Habibu, na ce ya zo mu kwashe ƙasar katangarmu daga hanyar mutane.